Ɗan uwa kar ka bari a yi ma salansar nan walda da garaje, ni ma hayaƙin ya taɓa kayar da ni

Salamu alaikum ƴan gida. Ɗan uwa da ka tambaya kan ƙaramar fawa tilarka, wato injin huɗar nan da ake bi a baya ana riƙe da hannu, mai fetur, mai ƙarfin doki 7, kace hayaƙi a fuska yake dukanka, kullum ka tashi aiki da ciwon kai kuma kana so a ƙara ma salansar bututu, wallahi ina karantawa sai naji kamar ni na rubuta. Ni tawa mai gas ce, babba, irin wadda muke caɓa fadamar shinkafa da ita a wajen Kura, amma ciwon ɗaya ne.

Shekara guda cur ina shan maganin maleriya a banza. Na dawo gida kai kamar zai rabe biyu, ga jiri ga tashin zuciya, in na fyace majina baƙi ƙirin kamar wanda ya kwana a gidan gawayi, mai ɗakina tace ko taifot ne, mai kemis ya haɗa min magani na sha, ranar Juma'a da bana fita aiki garau nake, Asabar da yamma abu ya dawo. Ban taɓa haɗa lissafin ba.

Sai azumin 2023. Naje wajen wani mai walda a bakin titi, bazan faɗi ko waye ba amma Allah ya isa, nace ina so a ɗaga min salansa sama ta wuce kaina. Yace an gama maigida. Ya ɗauko guntun fayif na ruwa, wannan mai ruwan toka da ake jan famfo da shi, wanda bakinsa bai kai faɗin bakin salansar ba, yayi masa kwana biyu masu kaifi ya liƙa, ko ƙarfen da zai tallafe shi bai sa ba. Lokacin da yake waldar wani farin hayaƙi ke tashi, nace wannan fa, yace haka yake. Ashe zink ɗin da aka shafe fayif ɗin da shi ne ke ƙonewa, shi kansa guba ne. Dubu shida ya karɓa.

Kwana uku inji ya fara nishi, ƙarfi ya ragu, zafi kamar me, hayaƙi ya ƙara baƙi saboda an shaƙe masa hanya. Rana ta huɗu girgiza ta tsaga wajen da salansar ta haɗu da kan inji, ta ƙasa inda ido baya gani. To kaga yanzu hayaƙin ma baya bin bututun, ta gindin yake fita kai tsaye zuwa ƙirjina, ni kuma ina ta kallon sama ina jin daɗi wai na rabu da shi. Wajen ƙarfe ɗaya na rana, ga azumi ga zafin Afrilu, ina cikin caɓi har gwiwa naji kunnuwana sun toshe, ƙarar injin tana nisa kamar daga wata gona take zuwa, naga kunyar gona tana karkacewa. Abin da na iya tunawa kawai hannuna ya matse kuloci. Na zube gefe, Allah ya taimake ni ban faɗa gaba kan wuƙaƙen injin da ke caɓa ƙasa ba, kun san yadda suke juyawa, da yanzu wani labarin ake. Yaron da ke ɗauko min jarkar gas ne ya kashe injin ya kwala ihu, aka ja ni gindin mangwaro ana sheƙa min ruwa, azumin ranar dai sai ramuwa nayi. Leda biyu ta ƙarin ruwa na sha.

Da na koma wajen mutumin nan ka san me yace min? Wai ai injina ne tsoho. Wai shi walda aka sa shi ba gyaran inji ba. Ko sannu bai ce ba, yana ta goge wata ƙofa yana amsa min ta gefen baki, gaban yaransa. Wallahi abin da yafi ƙona min rai kenan, ba dubu shidan ba. Har yau in na wuce ta wajen a mashin juyar da kai nake.

To kai naka ma yafi nawa haɗari ta wani wajen, don injin fetur yafi na gas fitar da iskar nan kabon monoksayid, bata da launi bata da wari, jini kuma yafi kama ta sama da sau 200 akan iskar da muke shaƙa mai amfani, shi yasa kai ke fara sarawa. Wani likita a unguwarmu ne ya min wannan bayanin daga baya, ya kuma ce min hayaƙin gas ɗin nawa ma tun 2012 sashen binciken cutar kansa na hukumar lafiya ta duniya, WHO, ya saka shi cikin abubuwan da ke kawo kansar huhu. Kuma don Allah kar wani ya ruɗe ka da takunkumi, naga wani cikin masu ba ka amsa yace ka ɗaura rawani ko ka sa na korona. Ƙura zai tare da ɗan baƙin toka, ita iskar wucewa take abinta.

Kafin kaje ko'ina duba bakin salansar taka. Yawancin ƙananan injinan nan irin Honda GX200 da kwafinsu na Chaina akwai ɗan murfi a bakin da aka ɗaure da ƙananan sukuru, ana iya kwance shi a juya bakin ya kalli gefe ko gaba, in babu ma ana samunsa wajen masu kayan janareto. Wani lokacin shikenan maganin, ba walda ba komai. Dogon bututu akan ƙaramin inji nauyi ne, shi kan injin da alminiyom aka yi shi, zaren notin zai cinye ka shiga wata sabuwar wahala.

In kuma dole sai bututun, bakinsa ya kai na salansar ko ya ɗan fi, baƙin ƙarfe ba na famfo ba, kwana ɗaya mai lanƙwasa a hankali, kuma lallai a ɗaure shi da wani ƙarfe a jikin firam ɗin da injin ke zaune. Nawa na yanzu wani dattijo bakanike ne ya min, ya wuce kaina da kamar taƙi ɗaya, bakin ya kalli dama, akwai ɗan marfi mai tashi da kansa saboda ruwan sama. A nesa da tanki da tiyon mai fa. Ka sa masa raga ko garkuwa don ni akwai tabon ƙuna a damtsena har yanzu. Kar kuma a juya shi ƙasa sosai, a busasshiyar gona ƙura zai tayar maka, kusa da tattakar shinkafa kuwa gobara ce.

Na manta, gaskit ɗin gindin salansa, ɗan faifan nan da ke toshe tsakaninta da kan inji. In kaga baƙin toka ya taru a wajen to yana yoyo, canza shi, kuɗinsa ba yawa. Da filtar iska, lokacin hunturu kullum nake wanke tawa in canza mata mai, don in ta toshe inji baƙin hayaƙi yake. In shuɗi-shuɗi kake gani baƙin mai yake sha, ringin fistin ne ya cinye, wannan ko bututun zinare ka sa sai kaje wajen bakanike.

Iska ma ka riƙa lura da ita. Da rani daga arewa maso gabas take zuwa, da damina ta juyo daga kudu maso yamma, ni ɗan tsumma na ɗaura a hannun injin, in naga yana kaɗowa kaina sai in sauya layi in riƙa yanka gonar ta yadda iskar zata bugo daga gefe. Wani ƙanin abokina da ke Kanada yace su ma injin kwashe ƙanƙara da suke turawa a ƙofar gida irin wannan injin ne, kuma abin da aka fi ja musu kunne akai shi ne tayar da shi cikin gareji. To mu ma haka, kar ka kuskura ka gwada inji cikin shago ko zaure ko da ƙofa a buɗe, fito da shi fili.

In kai ya fara sarawa kana aiki kashe kawai ka koma inuwa nesa da injin, in da amai ko jiri ya ƙi sauka a kai ka asibiti kuma ka faɗa musu hayaƙi ka shaƙa, in ba haka ba allurar maleriya zasu maka kamar ni. Ɗauko hoton salansar ta gefen tanki ka turo nan in gani ko irin mai murfin ce, gobe in naje gona nima zan ɗauko tawa.