Mai da tsohon ofis gidan haya a Zariya

Alhaji, ka tambaya ko tsohon benen ofis ɗinku na Sabon Gari zai gyaru ya zama gidan haya na zamani. Zai gyaru, amma kada ka fara da fenti da tayil.

Fara da takarda. Filin da aka ba da don kasuwanci sai an nemi izinin canza amfaninsa, don haka ka je KASUPDA, hukumar tsara birane ta Jihar Kaduna, da zanen ginin, ka kuma duba takardar mallakarka a KADGIS, hukumar da ke kula da takardun filaye ta jihar. Daga nan injiniya ya duba ginshiƙai da dakin, wato kankaren da ke tsakanin sama da ƙasa, kafin a fasa ko bango ɗaya.

Inda kuɗi ke tafiya shi ne ruwa. Ofis banɗaki biyu ya ishe shi, amma kowane mai haya yana son nasa da kicin. Ka jera banɗakunan sama daidai kan na ƙasa, bututu ɗaya ya sauko da su, a haƙa sabuwar shadda babba. Ka san halin ruwan famfo a garin nan, burtsatse da tanki dole ne. Kowane ɗaki kuma da mitarsa, rigimar kuɗin wuta tana korar mutanen kirki.

Ni dai da ni ne, ciki da falo zan yanka, ma'aikatan jami'a da sababbin ma'aurata shi suke nema.