Wai da gaske Ferrari yaron gidan Alfa Romeo ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, fatan kana lafiya. Musu ne ya kaure tsakanina da abokin aikina a gareji, shi yace wai Ferrari a gidan Alfa Romeo ya koyi sana'a kuma a da can Alfa ce uwar motocin tsere, ni kuma nace anya, motar da ko ganinta ba mu cika yi a titi ba. Sannan ya nuna min a waya an saida wata tsohuwar Alfa kusan dala miliyan 20. Don Allah a warware mana, me ke jikin tsohuwar mota da zata kai wannan kuɗin?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka yana da gaskiya, duka biyun ma, kuma maganar Ferrari da maganar kuɗin motar igiya ɗaya ce ta ɗaure su, in ka gane abinda Alfa tayi tsakanin 1924 zuwa 1951 to ka gane komai.

An kafa kamfanin Alfa ne a Milan ta ƙasar Italiya ran 24 ga Yuni 1910, a wata masana'anta dake unguwar Portello wadda asalinta ta kamfanin Darracq na Faransa ce. Sunansa ALFA kawai a lokacin, sai da wani injiniya ɗan Naples mai suna Nicola Romeo ya karɓe shi a 1915 sannan daga baya aka liƙa sunansa. Enzo Ferrari ya shigo a 1920 a matsayin direban tsere, kuma a shekarar yazo na biyu a gasar Targa Florio da ake yi a duwatsun tsibirin Sisili. A gaskiya direba ne mai kyau amma ba na sahun gaba ba, baiwar da Allah ya ba shi ita ce sanin mutane da iya janyo su, kuma babban aikin da ya yiwa Alfa bai yi shi da sitiyari ba. A 1923 yana cikin waɗanda suka lallabo wani injiniya mai suna Vittorio Jano ya baro Fiat ya dawo Alfa. Riƙe sunan nan da kyau domin kusan duk motar Alfa da kaji an saya da kuɗi na fitar hankali to hannun Jano na jikinta.

Motar farko da ya zana musu ita ce P2, injin lita 2 mai silinda 8 a jere da supacaja, wato famfon da injin da kansa yake juyawa yana cusa masa iska da ƙarfi, ɗan uwan tabo ne sai dai shi tabo hayaƙin salansa ke juya shi. Da ita Giuseppe Campari yaci babbar gasar Lyon a 1924, a 1925 kuma Alfa ta ɗauki kambun duniya na kamfanonin mota, wanda shine karo na farko da aka taɓa yin sa. A wannan shekarar dai suka rasa babban direbansu Antonio Ascari a hatsari a Faransa, zamanin babu bel babu hular kwano ta kirki, mutum da rigarsa da tabarau yake shiga.

Inda nafi son mutane su tsaya su duba shine motocin titi da Jano ya fitar bayan P2, wato 6C mai silinda 6 da 8C mai silinda 8, domin a nan ne abinda aka koya a filin tsere ya sauko cikin motar da mai kuɗi zai iya saya ya hau. A matsayinka na bakanike zaka ji daɗin wannan, injin silinda 8 a jere matsalarsa tsawo, kirankishaf ɗin in yayi tsawo yana murɗewa a babban gudu, sai Jano ya raba injin 8C gida biyu, silinda huɗu gaba huɗu baya, ya saka giyoyin dake juya kamshaf da supacaja a tsakiyarsu, kaga kowane ɓangare ya zama gajere kuma mai ƙwari. Da 8C 2300 ɗin nan suka ci gasar awa 24 ta Le Mans sau huɗu a jere, 1931 har 1934. Ita kuma Mille Miglia, tseren wajen kilomita 1,600 akan titin kowa da kowa daga Brescia zuwa Rum a dawo, sau 11 Alfa tana cinyewa, babu kamfanin da ya kamo ta har aka daina gasar a 1957. A 1930 Tazio Nuvolari cikin 6C 1750 ya zama na farko da ya gama ta da matsakaicin gudu sama da kilomita 100 a awa, ka tuna fa titunan 1930 ne, ga duwatsu ga ƙauyuka ga tafiyar dare.

To ina Ferrari a duk wannan? A 1929 ya buɗe ƙungiyar tsere tasa a Modena, Scuderia Ferrari, amma ko mota ɗaya ba ya ƙerawa, motocin Alfa yake gyarawa yana ba direbobi. Da kamfanin Alfa ya shiga matsin kuɗi gwamnatin Italiya ta karɓe shi a 1933 ta hannun hukumarta mai ceto kamfanoni wato IRI, sai aka miƙa wa Ferrari harkar tseren gaba ɗaya, shi yasa in ka duba hotunan lokacin zaka ga motar Alfa ce amma tambarin dokin Ferrari ne a gefenta. Kamar dai yaron gareji ne da ya ƙware har oga ya sakar masa makullin shago, amma har yanzu kayan aikin na oga ne.

A ƙarƙashin wannan tambarin akayi tseren da har gobe nake ganin babu kamarsa, gasar Jamus ta 1935 a Nürburgring. Gwamnatin Hitler tana zubawa Mercedes da Auto Union kuɗi, motocinsu sun fi ta Nuvolari ƙarfi da doki sama da 100, shi kuma yana cikin Alfa P3 wadda tun 1932 aka fito da ita, yana ɗan shekara 42. Da ya tsaya shan mai famfon ya lalace aka koma ɗura masa da hannu ya ɓata sama da minti biyu, ya fito a baya ya dinga cin su ɗaya bayan ɗaya a filin da zagayensa ɗaya ya haura kilomita 22, a zagayen ƙarshe tayar Manfred von Brauchitsch dake gaba ta fashe saboda ya gama cinye ta wajen gudun kar a kamo shi, Nuvolari ya wuce yaci. Wasu na cewa sa'a ce, ni ban yarda ba, matsin da yayi masa ne ya fasa tayar.

Rabuwar tazo ne bayan Alfa ta dawo da harkar tsere hannunta a 1938, zama bai yi daɗi ba Ferrari ya fita a 1939 da sharaɗin ba zai sa sunansa a motar tsere ba har shekara huɗu. Motar farko mai sunan Ferrari sai 1947 ta fito, 125 S, kuma wanda ya zana injinta Gioacchino Colombo ne, yaron Jano a Alfa. Shi kansa Jano da ya koma Lancia, motarsa D50 hannun Ferrari ta faɗa a 1955 har direba Fangio yaci kambun duniya na 1956 da ita. Kaga ashe ba mutum ɗaya ne ya fito daga gidan ba, har masu zanen injin.

Colombo ɗin nan kafin ya tafi ya bar wa Alfa mota 158 da ake kira Alfetta, lita 1.5 kacal da supacaja. Ta taɓa tsere a nahiyarmu ma, Giuseppe Farina yaci gasar Tarabulus da ita a 1940 lokacin Libiya na hannun Italiya. Yaƙin duniya na biyu yazo aka yi wa Portello ruwan bama-bamai amma an riga an ɓoye motocin a wajen gari, bayan yaƙi aka kakkaɓe su, kuma da aka fara gasar Formula 1 a 1950 motar da aka zana tun kafin yaƙi ita ta cinye duk tseren da ta shiga, Farina ya zama zakara na farko. A 1951 aka ƙara mata ƙarfi ta koma 159, doki sama da 400 daga wannan ɗan injin, Juan Manuel Fangio ɗan Ajantina ya ɗauki kambu. Sai dai ƙarfin nan da tsadarsa yazo, shan manta ya wuce misali, fiye da lita ɗaya take zuƙewa a kowace kilomita, saboda wani kaso na man sanyaya injin yake yi. Dokar lokacin ta bada zaɓi, ko lita 1.5 da supacaja ko lita 4.5 babu shi, Ferrari ya ɗauki na biyun don motarsa ba sai ta daɗe wajen shan mai ba, kuma ran 14 ga Yuli 1951 a Silverstone ta Ingila José Froilán González ya kada Alfa cikin Ferrari 375. Enzo da kansa yace ranar yaji kamar ya kashe mahaifiyarsa. Ƙarshen shekarar Alfa ta janye daga gasar tana riƙe da kambu, domin gwamnati bata bada kuɗin ƙera sabuwar mota ba, abin yana min ciwo duk sanda na tuna.

Daga nan kamfanin ya karkata ga motocin da ake ƙerawa da yawa, Giulietta a 1954, Giulia a 1962, sai GTA mai bodin alminiyon da Spider ta 1966. Sun koma tseren motocin wasanni da jerin 33 har suka ci kambun duniya a 1975 da 1977, akwai kuma 33 Stradale ta 1967 da guda 18 kawai akayi, a ganina tana cikin motoci mafi kyawun sura da aka taɓa ƙerawa. Amma tsatsar da ta addabi motarsu Alfasud a shekarun 1970 ta ɓata musu suna sosai, bashi yayi yawa, a 1986 Fiat ta saye kamfanin.

Ita wadda abokinka ya nuna maka, in dai dala miliyan 19.8 ce to 8C 2900B ce ta 1939 da aka yi gwanjonta a Monterey ta Amurka a 2016. Injin lita 2.9 ne na zuriyar Jano da supacaja biyu, asalinsa na motar tsere aka sanyaya shi kaɗan don titi, kamfanin Touring na Milan ya buga mata bodi da hannu, kuma duk 8C 2900 da aka ƙera ba su kai 50 ba. Irinta ce taci Mille Miglia a 1938 ta sake ci a 1947. Masu saye kafin su ajiye ko sisi sai sun bi lambar shasi da lambar inji sun ga sun dace da takardun kamfani, sun bi sunayen duk waɗanda suka taɓa mallakarta, sun duba ko bodin na asali ne ko an sake buga wani, domin motoci biyu iri ɗaya sak farashinsu na iya bambanta da miliyoyin dala saboda ɗaya an taɓa canja mata inji.