Amsa ga Baba Sarkin Baka kan karyar da jininta ke ƙarewa

Assalamu alaikum jama'ar zaure. Baba Sarkin Baka, ranka ya daɗe, na saurari saƙonka. Ka ce karyarka ta farauta ta daina cin abinci, dasashinta ya yi fari fat, fitsarinta kamar ruwan shayi, kuma yaronka ya gani a waya cewa maganin wannan ciwo sunansa danazol, kana tambayar ko za a same shi in an shiga Maigatari ranar Alhamis. To Baba, kada ka ba kowa kuɗin sayensa tukuna. Bari in yi maka bayani.

Yaron bai yi ƙarya ba, akwai maganin. Danazol kafso ne da aka haɗa shi ya yi kama da sinadarin mazantaka na jiki. Asalinsa ma ba na dabbobi ba ne, tun shekarun 1970 aka amince da shi a Amurka don matan da naman cikin mahaifa ke tsiro musu a wajen mahaifa. Daga baya likitocin dabbobi suka aro shi don wani ciwo guda: wanda garkuwar jikin kare ko kyanwa take rikicewa ta riƙa farfasa jajayen ƙwayoyin jininta, ko ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare. Wato kamar karen gida ya juya yana cizon 'ya'yan gida. Aikin danazol shi ne rage yadda saifa ke kama ƙwayoyin jinin tana cinyewa.

Amma fa ko an tabbatar wannan ciwon ne, ba da shi ake farawa ba. Maganin danne garkuwa mai suna prednisolone ne na gaba, shi kuwa danazol ɗan rakiya ne, kuma yana da nawa, sai ya yi makonni, wani lokaci watanni, kafin a ga aikinsa. Dabbar da jininta ke ƙarewa cikin kwana biyu zuwa uku ina za ta jira wannan? Likitoci da yawa ma sun ajiye shi, don hujjar amfaninsa ga kare ba ta da ƙarfi. Ga shi yana taɓa hanta. In karya na da ciki yana lalata 'ya'yan, haka mace mai juna biyu ba a so ta taɓa shi da hannu.

Yanzu ga abin da na fi so ka ji. A ƙasarmu, musamman daga damina zuwa kaka, karen da ke kutsa daji ya dawo da farin dasashi da jan fitsari, abin da muke fara tuhuma kaska ce. Ka buɗe cikin kunnenta, ka duba tsakanin yatsun ƙafa da ƙarƙashin wuya, za ka gansu sun ƙoshi sun yi sumul. Kaska na sa wa kare ƙwayar cutar da ake kira babesiya, ita ma farfasa jini take yi, da wata erlikiya mai kawo haɓo da ɗigo-ɗigon jini a fatar ciki. A ido ba ka bambance su da wancan ciwon na garkuwa. Haɗarin shi ne, in kaska ce ka ba da maganin danne garkuwa shi kaɗai, ka buɗe wa cutar ƙofa ke nan. Ga kuma tsutsar ciki mai shan jini, ga maganin ɓera, ga albasa. E, albasa, ragowar miyar da ta sha albasa in kare ko mage na yawan ci tana ɓata musu jini.

Don haka a kai ta asibitin dabbobi gobe da safe, Gumel ko Haɗeja, wanda ya fi muku kusa. A ɗiga jininta a gilashi a duba a madubin likita, a kuma auna yawansa. A lafiyayyen kare jajayen ƙwayoyi kan kai kashi 37 zuwa 55 cikin ɗari na jininsa, in ya faɗi ƙasa da 15 sau da yawa sai da ƙarin jini. In erlikiya ce, maganin kashe ƙwayoyin cuta mai suna doxycycline ake bayarwa kwana 28 cur, ba a tsayawa don an ga ta miƙe.

Sannan don Allah, masu cewa a yi mata allurar Berenil ta shanu, a bi a hankali. Ƙaramar ledar nan ta saniya mai kilo 300 ce, karyar farauta kuwa da wuya ta wuce kilo 15 zuwa 20. Yana kashe babesiya, gaskiya ne, amma in ya ɗan zarce ƙwaƙwalwa yake bugawa, kare ya sandare yana juya ido, kuma ba kasafai yake tashi ba. Sai an ɗora ta a sikeli likita ya lissafa.

Hajiya da ta yi tambaya kan ƙarewar jini ga mage, hukuncin kusan ɗaya ne, sai dai kada a kuskura a ba mage farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Baba, yau a ɗaure ta a inuwa, a ajiye mata ruwa, kada ta bi sauran karnuka. A cire kaskar, a zuba 'yan kaɗan a kwalba a tafi da su. Yaron ya ɗaga leɓenta ya ɗauki hoton dasashin a hasken rana ya turo min, kuma ka gaya min ko an bi ta a watan da ya wuce. Allah ya ba ta lafiya. Wassalamu alaikum.