Groot Constantia ga wanda ba ya shan giya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko gonar inabin Groot Constantia da ke Kef Tawun ta cancanci ziyara tunda ba ka shan giya. Ta cancanta, domin tarihinta.

Simon van der Stel, shugaban mulkin mallakar Turawan Holand a yankin Kef, ya kafa ta a 1685, babu gonar inabin da ta girme ta a Afirka ta Kudu. Giyarta mai zaƙi ta yi suna a Turai, har tsohon sarkin Faransa Napoleon ya sha ta yana tsare a tsibirin Sant Helena. Amma gumin bayi ne ya raya gonar, kuma gidan tarihin wurin bai ɓoye wannan ba. Can za ka fi daɗewa.

Kada ka rikita ta da Klein Constantia, gona ce daban. Kafin ka sayi tikiti, tambayi ko ya haɗa da ɗanɗana giya. Hukuncin shiga irin wurin kuwa, malaminka za ka tuntuɓa.