Haihuwa a gida ga mai bin Almasihu: addu'a, kayan aiki, da lokacin da za a ce "mu tafi"

Tambaya: Gaisuwa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina zaune a Tahoua, cikina na uku ne, ya shiga wata bakwai. Ƴaƴana biyu duk a gida na haife su lafiya a hannun uwar mijina. A zumuntar mata wasu suna ce mini in riƙe bangaskiya in haihu kamar matan Ibraniyawa, wai mai tsoro ce take zuwa asibiti. Ni ma gida na fi so. Yaya zan shirya, ta wajen addu'a da ta wajen kayan aiki?

Amsa: Ƴar'uwa, sannu da ɗawainiya, Ubangiji ya sauke ki lafiya. Shawararmu ta farko ita ce ki haihu a gidan haihuwa. Kina cikin garin da ke da asibitin unguwa, wato CSI, da kuma Cibiyar Lafiyar Uwa da Yaro, wato CSME, inda ake yin tiyata ana ƙarin jini. Haihuwa biyu lafiya alama ce mai kyau, amma ba ta ɗaure wa ta uku gindi ba. Zubar jini bayan haihuwa takan zo wa macen da ba ta taɓa samun matsala ba, kuma tana iya kashe ta cikin awa 2. In duk da haka gida kika zaɓa, ko naƙuda ta riga ku da tsakar dare, to gara ta same ku a shirye.

Mu fara da matan Ibraniyawa, tunda maganar tana hana mata da yawa neman taimako. Tana cikin Fitowa 1:19, inda aka ce matan Ibraniyawa ƙarfafa ne, sukan haihu kafin ungozoma ta iso. Ki karanta tun daga aya 15. Waɗanda suka faɗe ta ungozomomi ne, Shifra da Fu'a, amsa ce suka ba Fir'auna da ya tuhume su don sun ƙi kashe jarirai maza. Ba umarni ba ne ga mata su haihu su kaɗai. Abin da wurin ya nuna shi ne Ibraniyawa suna da mata masu sana'ar karɓar haihuwa, kuma Allah ya sa musu albarka. A Farawa 35 kuma Rahila, matar da Yakubu yake ƙauna, ta rasu wajen haihuwar Biliyaminu, Littafi bai ce ƙarancin bangaskiya ne ya kashe ta ba. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya faɗo daga kan Haikali mala'iku za su tare shi, Yesu ya ce kada a gwada Ubangiji Allah. Macen da ke zubar da jini aka ce ta zauna a ci gaba da addu'a alhali mota tana ƙofar gida, gwada Allah ake yi da ranta.

Akwai matan da bai kamata ko a kawo musu zancen gida ba: wadda aka taɓa yi wa tiyatar ciro ɗa, mai tagwaye, wadda ɗanta ya zo da ƙafa ko ya gicciye bayan sati 36, mai hawan jini da ya kai 140 bisa 90, mai ƙarancin jini, mai sikila ko ciwon suga ko ƙanjamau, wadda ta ga jini a cikin nan, wadda ta taɓa zubar da jini sosai ko mabiyiya ta maƙale mata ko ta haifi ɗa ba rai. Haka mai cikin fari, da yarinyar da ba ta kai shekara 18 ba, da wadda ta haihu sau 5 ko fiye, don mahaifar da ta sha aiki ba ta saurin tsukewa. Ba za ki san ko kina cikinsu ba sai da awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a sadu da ma'aikacin lafiya sau 8 kafin haihuwa, kuma yawancinsu a watannin da kike shiga yanzu suke. Ki sha ƙwayar ƙarin jini kullum, ki karɓi Fansidar, maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya 3 a gaban ma'aikaciya, wata ɗaya tsakani, aƙalla sau 3, ki kwana cikin gidan sauro, ki cika allurar tetanus. Ki nemi a duba rukunin jininki a rubuta a karne, wato katin awonki, a yi hoton ciki ko sau ɗaya a ga kwanciyar ɗa da inda mabiyiya ta zauna.

A wajen awon ki faɗa wa ungozomar asibiti ƙarara cewa gida kike tunani. Uwar mijinki tana da hannu da sabo, ba mu raina ta ba, sai dai ba ta da allurar tsayar da jini, ba ta da abin hura wa jariri iska, ba ta iya auna hawan jini. Ki nemi ungozomar da ta yi karatun aikin ta yarda za ta zo, uwar mijinki ta zama mai taimaka mata. In ba a samu ba, wannan kaɗai ya isa a fasa.

Kayan ba su da yawa. Sabulu sabo, ruwan da aka tafasa aka rufe, leda babba mai tsabta ta shimfiɗa, safar hannu, reza sabuwa cikin takardarta, zare mai kauri guda 3 da aka tafasa minti 20, tsofaffin zannuwa 5 ko 6 wankakku da suka sha rana, hular jariri, ƙunzugu, tocila mai caji, da maganin cibiya mai suna chlorhexidine. A haɗa su wuri ɗaya tun cikin wata takwas. Jakar asibiti da karne a ciki ta zauna kusa da ƙofa.

Shirin da ya fi kayan nan nauyi shi ne na mutane, kuma a nan ikkilisiya take da babban aiki. Nehemiya 4:9 ya ce sun yi addu'a ga Allahnsu, suka kuma sa masu tsaro dare da rana. Ku yi haka. A sami masu mota biyu da lambobinsu a salular mijinki da taki, a tabbatar da mai a tanki, a tuna yadda hanya take in damina ce. A sami mutum biyu cikin ƴan'uwa da za su ba da jini. Tiyatar haihuwa kyauta ce a asibitocin gwamnatin Nijar tun 2005, haihuwa ma an yafe kuɗinta tun Satumbar 2024, amma a ajiye wasu jikkuna saboda mai da abin da za a ce a sayo. Sannan ku zauna da maigidanki da uwarsa, in ya yiwu da fasto ko matarsa, a yanke magana tun yanzu: in ungozoma ko ke kanki kuka ce a tafi, an tafi, ko maigida yana nan ko ba ya nan. Mata da yawa sun mutu suna jiran a dawo daga kasuwa a ba da izini. Asibitin mishan na Galmi, da ke aiki tun 1950, sananne ne ga masu bi, amma daga Tahoua ya yi nisa ga mai zubar da jini. Mafi kusa za a nufa.

Addu'a kuwa ku fara ta yau, ke da maigida, kowane dare. Zabura 139 tana maganar Allah da ya saƙa mutum a cikin uwarsa, Zabura 121 kuma ta Mai tsaron da ba ya gyangyaɗi. Ki haddace aya ɗaya ko biyu gajeru, don in ciwo ya yi tsanani dogon karatu ba ya zuwa. Ki faɗa wa Ubangiji tsoronki yadda yake, ki roƙa wa ungozoma hikima, ki roƙi a gane haɗari da wuri. Azumi kuwa a bar wa maigida da zumuntar mata. Mai ciki a zafin Adar ba ta hana kanta ruwa. Ran naƙuda masu addu'a su zauna a tsakar gida ko a majami'a, ɗaki ya ishi mutum biyu ko uku masu wankakken hannu. Ɗaya cikinsu aikinta duba agogo ne: ta rubuta lokacin da ciwo ya kankama, da lokacin da faya ta fashe da launin ruwan. In dattawa sun shafe ki da mai bisa ga Yakubu 5:14, a goshi ne. Ba a zuba shi a gaba, ba a shafa wa cibiya, ba a ɗura wa jariri.

Lokacin naƙuda ki yi tafiya, ki durƙusa, ki kwanta ta gefen hagu, yadda ya fi miki. Ki sha ruwa da kunu, ki riƙa yin fitsari, don cikakkiyar mara tana tare wa ɗa hanya, tana kuma hana mahaifa tsukewa daga baya. Kada ki yi yunƙuri sai jiki da kansa ya matsa miki. Kada kowa ya danna miki ciki. Kada a ba ki jiƙo ko allura ko ƙwayar "ƙara naƙuda", suna iya fasa mahaifa. Yankan gishiri ba ya buɗe hanyar da ƙashi ya tare, mafitsara yake hudawa. Kunya ma a ajiye ta: in kin ji abin da bai yi miki ba, ki faɗa.

Ga abin da in an gani ba a jira, addu'ar a ƙarasa ta cikin mota. Naƙuda ta wuce awa 12, ko kin yi awa ɗaya kina yunƙuri ɗa bai sauko ba. In naƙuda ta daɗe haka, kan ɗa ne yake matse naman da ke tsakaninsa da ƙashi har ya mutu, daga nan yoyon fitsari yake samo asali. Jini kafin ɗa ya fito. Faya ta fashe naƙuda ba ta zo ba, ko ruwan ya fito kore ko da wari. Hannu ko ƙafa ko igiyar cibiya ta riga kai. In igiya ce, ki durƙusa ƙirji a ƙasa ɗuwawu a sama har a isa. Ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannuwa, ciwo a ƙarƙashin ƙirji. Zazzaɓi. Ɗa ya rage motsi. Naƙuda kafin sati 37. Jijjiga kuwa mu faɗa da babbar murya: hawan jini ne ya taɓa ƙwaƙwalwa, maganinta allurar magnesium ce a asibiti. A kwantar da ita ta gefe, kada a cusa mata komai a baki, kada a tsaya korar aljanu.

Da ɗa ya faɗo, a aza shi kan cikinki, a goge shi sosai da busasshen zane, a yar da jiƙaƙƙen, a rufe ku tare da wani, a sa masa hula. In bai yi kuka ba, a murza bayansa. In har yanzu shiru, cikin minti ɗayan farko yake buƙatar a hura masa iska da jakar numfashi. Ba a ɗaga shi ta ƙafa, ba a watsa masa ruwan sanyi. Cibiya a jira minti 1 zuwa 3, a ɗaure wuri biyu, na farko kamar yatsu biyu daga cikinsa, na biyu yatsu biyu gaba, a yanke tsakani da sabuwar reza. Ban da toka, ban da man shanu, ban da gashi da tsumma mai zafi. Chlorhexidine kawai, sau ɗaya a rana har kwana 7. Wanka sai bayan awa 24. A sa shi a nono cikin awar farko. Dakashi shi ne rigakafinsa na fari, tsotson kuma yana taimaka wa mahaifa ta tsuke.

Minti ɗaya bayan fitowarsa, in an shafa ciki an tabbatar babu ɗa na biyu, ungozoma za ta yi miki allurar tsayar da jini, wato oxytocin, a cinya. Inda babu ita ana haɗiye misoprostol ƙwaya 3 masu microgram 200 kowace, bayan ɗa ya fito kawai, don kafin nan guba ce gare ku duka. Ki tambaya a wajen awo yadda za ki same ta. Kada wanda bai koya ba ya ja igiya don ciro mabiyiya. In ta wuce minti 30 ba ta fito ba, a kama hanya. In ta fito a duba ko ta cika, don guntun da ya rage yana kawo jini da ruɓa. A riƙa taɓa ƙasan cibiyarki kowane minti 15 har awa 2: mahaifa ta kasance dunƙule da tauri. In ta yi laushi a murza ta da ƙarfi har ta taurara. Rabin lita shi ne iyakar jinin da ake yarda da shi. In ƙunzugu ya jiƙe sharkaf cikin minti 5, ko jini yana ta tsiyaya ba tsayawa, ko kin ji jiri da gumi mai sanyi, a kwantar da ke a ɗaga ƙafafu, a ci gaba da murza mahaifa a cikin motar, jariri yana nono.

Ko komai ya tafi daidai, ku je a duba ku cikin awa 24, a auna jaririn, a yi masa BCG, wato allurar rigakafin tarin fuka, a ɗiga masa maganin shan-inna, a rubuta haihuwarsa. In bai kai kilo 2 da rabi ba yana buƙatar kulawa ta musamman. Sai a koma rana ta 3, da tsakanin ta 7 da ta 14, da sati na 6. Jaririn da ya ƙi nono, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi, ko numfashinsa ya wuce 60 a minti, ko ya yi shawara tun ranar farko, ko cibiya ta yi ja tana ruwa, ba a jira masa ranar suna. Ke kuma wankan jego ki yi shi da ruwa mai ɗumi, ba mai ƙuna ba, ki rage kunun kanwa, don gishirinsa yana tara ruwa a jiki ya wahalar da zuciya. In kin ga kumburi ko haki a makonnin jego, ki koma asibiti a ranar.