Gidan Winchester: da gaske tsoron fatalwa ne ya sa aka gina shi haka?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na ga bidiyon wani katafaren gida a Amurka mai matakalar da ke ƙarewa a jikin silin, kuma an ce wata mata ce ta gina shi haka don ta ɓad da sawu ga fatalwowin da ke bin ta. Shin akwai ƙamshin gaskiya a labarin? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Gidan yana nan a birnin San Jose na jihar Kalifoniya, kuma mai shi ita ce Sarah Winchester, matar William Winchester, ɗan gidan masu kamfanin ƙera bindigogin Winchester. 'Yarta tilo ta rasu tana jaririya a 1866, mijin kuma tarin fuka ya yi ajalinsa a 1881, ya bar mata dukiya mai tarin yawa. A 1886 ta sayi wani gidan gona mai ɗaki takwas, ta yi ta ƙara masa gini har ya kai ɗaki kusan 160.

Abin da ake yaɗawa shi ne, wai wani mai duba a Boston ya shaida mata cewa rayukan waɗanda bindigogin gidan mijinta suka kashe ne ke bibiyarta, kuma duk ranar da ƙarar guduma ta ɗauke a gidan, ranar za ta cika. Sai dai masu binciken tarihin rayuwarta ba su samu shaidar wannan ganawa ba, kuma wasiƙunta sun nuna takan sallami ma'aikata na tsawon watanni.

Abubuwan da ke ba mutane mamaki a gidan ma suna da dalili. Girgizar ƙasa ta 1906, wadda ta ragargaza San Francisco, ta rushe saman ginin, wanda a da ya kai hawa bakwai. Maimakon ta sake ɗora abin da ya zube, sai ta sa aka toshe wuraren, shi ya sa za ki buɗe wata ƙofa a bene ki tarar babu komai a gabanki sai iska. Wata matakala ta daban kuwa mai yawan lanƙwasa, wadda kowace taka tsayinta kusan inci biyu ne, an yi ta ne saboda ciwon gaɓoɓi da ya hana ta ɗaga ƙafa sosai. Bayan girgizar ma, yawancin zamanta a wani gidanta da ke garin Atherton ta yi shi.

A ganina, rashin shiga jama'a ne ya jawo mata, domin mace mai kuɗi da ba ta karɓar baƙi ba ta rasa masu ƙulla mata zance, kuma tun tana raye jaridu suka fara. Ta rasu a watan Satumba na 1922, a 1923 aka buɗe gidan ga 'yan yawon buɗe ido, kuma har yau da labarin fatalwar ake sayar da tikitin shiga.