Amsa: Da gaske dafin ƙudan zuma yana hana tsufa?

Hajiya, kin tambaya ko man shafawa mai dafin ƙudan zuma yana goge tamoji da rage kumburi. Akwai ƙamshin gaskiya. Kusan rabin dafin wani sinadari ne, melitin, wanda a gwajin ɓeraye ya rage kumburin gaɓoɓi. A Koriya ta Kudu ana zuba dafin cikin mayukan fuska. 

Amma hana tsufa? Wannan bakin 'yan talla ne.

Ki fara shafa ɗan kaɗan a bayan kunne, ki kwana ki gani. Sa ƙudan zuma ya harbe ki kai tsaye da sunan magani kuma, kul! A 2018 likitoci a Sifen suka ba da rahoton mutuwar wata mai shekara 55, bayan ta shekara biyu ana yi mata wannan maganin harbin lafiya lau.